Idan Kotun Sama Ta Tabbatar Da Hukunci: Me Alƙalan Suka Duba, Me Ya Rage Wa Mai Ƙara?

 

Akwai wata tambaya da ta yawaita a hannunmu a nan Sabha, wani lokaci a bakin masallaci bayan sallar la'asar, wani lokaci ta waya daga Agadas ko Damagaram ko Kano. Mai tambayar yana da ɗa ko ƙane a tsare, an yanke masa hukunci mai nauyi, dangi sun tara kuɗi an ɗaukaka ƙara, an jira shekara biyu ko uku, sai labari ya zo a jumla ɗaya: kotun sama ta tabbatar da hukuncin. Sai ya ce: "Malam, ta yaya za su tabbatar alhali ba su kira shaidunmu ba? Ko yaron ma ba su tambaye shi komai ba." Daga nan wasu sai su yanke cewa an ci kuɗi. Wasu kuma su faɗa ɗaya ramin, su ce tunda alƙalai uku ko biyar sun goyi bayan na farko, to lallai yaron ya aikata, a daina ambatonsa a gida.

Duka maganganun biyu sun fito ne daga rashin sanin aikin kotun ɗaukaka ƙara. Mutanenmu suna ɗauka ɗaukaka ƙara sabuwar shari'a ce da za a faro daga tushe a gaban manyan alƙalai. A manyan laifuka ba haka abin yake ba, a Najeriya ne ko a Libiya. Abin da ake kai wa kotun sama kundi ne, wato takardun da aka rubuta tuhuma a cikinsu, da abin da kowane mai shaida ya faɗa, da tambayoyin da aka yi masa, da abubuwan da aka karɓa a matsayin hujja, da hukuncin alƙali tare da dalilansa. Lauyan mai ƙara ya rubuta inda yake ganin alƙalin ya yi kuskure, lauyan gwamnati ya mayar masa da amsa, alƙalan su karanta. Tambayar da ke gabansu ita ce: shin a cikin wannan kundi akwai kuskuren da ya isa a rushe hukuncin? In ba su same shi ba sai su kori ƙarar, hukuncin farko ya zauna daram. Wannan shi ne tabbatarwa. Ana iya karɓar sabuwar hujja a sama, amma ƙofar ƙunci gare ta ƙwarai, sai an nuna cewa ba yadda za a yi a same ta a lokacin shari'ar farko, kuma in an karɓe ta za ta iya sauya sakamako.

Me ya sa ba sa sake auna shaidu da kansu? Saboda alƙalin farko ne ya ga mai shaida da idonsa. Shi ya ga inda ya sunkuyar da kai, ya ji inda muryarsa ta yi rawa, ya lura da lokacin da ya waiwayi wani kafin ya ba da amsa. Takarda ba ta ɗaukar wannan. Don haka idan alƙalin farko ya ce ya gaskata wane, bai gaskata wane ba, na sama ba za su taɓa maganar ba sai in abin da ya yanke ya yi karo da abin da ke rubuce, ko ya dogara da abin da doka ta hana dogaro da shi, ko ya rufe ido daga hujjar da ke gabansa. A Najeriya akwai ƙari a kan wannan. Idan Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka haɗu a kan cewa abu kaza ya faru, Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa ba za ta sa hannu ba sai an nuna mata ɓarna a fili. Kowane hawa da hukuncin ya haye, rushe shi ƙara wuya yake yi.

Ɗalibin ilimi zai iya tambaya, shin wannan tsari na Turawa ne zalla, ko yana da asali a wurinmu? Yana da shi, kuma malamanmu sun riga kowa yin bayaninsa.

Imamu Ahmad ya kawo a cikin Musnadi labarin ramin zaki a Yaman, lokacin da Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, yake alƙalanci a can. An haƙa rami zaki ya faɗa, mutane suka yi cincirindo a baki suna kallo. Mutum ɗaya ya zame, ya riƙo na biyu, na biyu ya riƙo na uku, na uku ya riƙo na huɗu, dukansu suka halaka. Dangi suka kusa zare makamai. Aliyu ya hukunta wa na farko rubu'in diyya, na biyu sulusi, na uku rabi, na huɗu cikakkiya, ya kuma gaya musu wanda bai gamsu ba ya kai maganar ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Suka kai, aka karanta masa yadda Aliyu ya hukunta, sai ya zartar da shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma malaman fiƙihu sun daɗe suna kafa hujja da ita. Ku lura da abu biyu a ciki: alƙalin da kansa ne ya nuna musu hanyar zuwa sama, bai ɗauki hakan raini ba, na sama kuma da ya ji hukuncin ya ga ba aibu, bai sake shari'ar ba.

Sai Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. A wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari ya hore shi kada hukuncin da ya yanke a baya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Shi ɗin dai kuma, a mas'alar gadon nan da ɗalibai suka sani da Mushtaraka, ya hana 'yan uwa shaƙiƙai gado a karon farko, da irinta ta sake zuwa sai ya haɗa su da 'yan uwa na uwa a cikin sulusi. Aka tuna masa hukuncinsa na da, sai ya bar na farko a yadda yake, ya zartar da na biyu a yadda yake. Daga irin wannan malamai suka ciro ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi irinsa. Dalilin a bayyane yake. Da kowane alƙali zai rushe na gabaninsa don kawai shi da wani ra'ayin zai ɗauka, da babu rigimar da za ta ƙare, na uku ya rushe na biyu, na huɗu ya rushe na uku, har masu husumar su mutu su bar wa 'ya'yansu.

Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mutanen Fezzan kamar yadda take mazhabar ƙasar Hausa, ta tsara maganar da kyau. Shehu Halil a Muhtasar ya kasa alƙalai: azzalumi ana watsi da hukuncinsa, haka jahilin da ba ya shawartar malamai, jahilin da yake shawara ana bin hukunce-hukuncensa a duba, wanda ba zalunci a ciki ya wuce, adali masani kuwa ba a bin diddigin hukuncinsa. Imamul Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ambaci wurare huɗu da ake warware hukunci ko da na wane ne: idan ya saɓa wa ijma'i, ko nassi bayyananne, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a, ba tare da wata hujja mai ƙarfi da ta sa aka kauce ba. In an fita daga waɗannan, hukuncin alƙali a mas'alar saɓani yana yanke saɓanin. Saboda haka a wurin malamanmu ma asali shi ne hukunci ya zauna, mai son a rushe shi ne zai kawo dalili. Ba muna cewa dokokin da kotunan yau suke aiki da su duka shari'a ba ne. Muna cewa wannan ɗabi'a ta kotun sama, ta ƙin rushe hukunci sai da kuskure bayyananne, ba baƙuwa ba ce a fiƙihunmu.

Don a ga yadda abin yake a aikace, za mu ɗauko misali daga gida Najeriya, daga Jihar Kebbi, domin shari'a ce da ta bi hawa uku cif, aka rubuta dalilan kowane hawa, kuma maganar fiƙihun Malikiyya ta shigo cikinta.

A ranar 14 ga Yuli, 1999, jita-jita ta bazu a ƙauyukan Randali da Kardi, kusa da Birnin Kebbi, cewa wani mutumin Randali ya zagi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu mutane suka kama shi, aka tsare shi a bayan gari, ɗaya daga cikinsu ya karanto hukuncin mai zagin Annabi daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sannan aka yanka shi. Aka gurfanar da mutum shida a Babbar Kotun Jihar Kebbi bisa haɗa baki da taimakawa da kisan kai. Masu gabatar da ƙara suka kira shaidu takwas. Abubakar Ɗan Shalla, wanda shari'ar ta shahara da sunansa, bai ba da shaida don kare kansa ba, bai kuma kira kowa ba. A watan Fabrairun 2000 kotu ta yanke wa dukansu hukuncin kisa. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta tabbatar a Disambar 2003. Kotun Ƙoli ta tabbatar da na Ɗan Shalla a ranar 5 ga Oktoba, 2007.

Inda darasin yake shi ne, ƙorafin lauyoyinsu ba na banza ba ne. Sun ce alƙalin farko bai duba kariya guda biyu da doka ta tanada ba, wato cewa suna da uzurin da doka ta yarda da shi, da cewa tsokana ce mai tsanani ta tunzura su. A ƙa'ida kuwa wajibi ne alƙali a shari'ar kisa ya duba duk wata kariya da hujjojin da ke gabansa suka nuna, ko wanda ake tuhuma bai ambace ta ba. Mai karatu zai zaci da an samu wannan giɓi shi ke nan, sai a sallame su ko a sake shari'a. Kotun Kaduna ba ta yi haka ba. Ta buɗe kundin ta duba kariyoyin da kanta, ta ga ko da alƙalin farko ya duba su ba za su amfane su ba. Lauyoyin suka kai wannan ma Kotun Ƙoli, suka ce ai kotun tsakiya ta yanke magana ba ta saurare su a kai ba. Kotun Ƙoli ta ce tunda duk abin da ake buƙata yana cikin kundin, kotun tsakiya tana da ikon yin abin da ta yi.

Me suka gani a kundin? Kariyar tsokana a dokar Penal Code ta Arewa tana buƙatar tsokanar ta zama mai tsanani, ta zo kwatsam, mutum ya aikata kafin hankalinsa ya dawo. A nan kuwa ba a nuna cewa masu kisan sun ji zagin da kunnuwansu ba, labari aka ba su. Ainihin kalmomin da aka ce mamacin ya furta ma ba a kawo su gaban kotu ba. Sannan an nemo shi, an tsare shi, an karanta littafi, duk wannan lokaci ne da zuciya za ta iya sanyi. Game da uzuri kuwa, Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya yi bayani ta fuskar shari'ar Musulunci cewa tabbatar da irin wannan laifi da zartar da hukuncinsa aikin hukuma ne ta hannun alƙali, ba na ɗaiɗaikun mutane ba. Mu ma abin da muka karanta a gaban malamanmu ke nan. Risalar da aka karanto a bayan garin Kardi, ita ce dai take ɗauke da babin hukunci da shaida, inda aka shimfiɗa wanda ake karɓar shaidarsa da wanda ba a karɓa. Wanda ya ɗauki layi ɗaya ya bar wancan babin bai karanta Risala ba.

To wannan ita ce ƙa'ida ta biyu ta tabbatarwa, kuma ita ta fi ba mutane mamaki: kotun sama tana iya yarda cewa an yi kuskure a ƙasa, amma ta bar hukuncin, matuƙar kuskuren bai kai ga tauye adalci ba. Tambayarta ita ce, da ba a yi kuskuren ba, sakamakon zai sauya? In amsar a'a ce, hukunci ya zauna.

Abin lura a gefe: a wannan ƙasa ta Gwandu ɗin dai, kan wannan magana ta tsokana, aka yi shari'ar Tsofo Gubba a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda ba ya sauke ƙisasi don an tsokani mai kisa, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Turawa ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin. Rigimar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa Penal Code a 1960. Wanda ya riƙe kotun sama, shi ke faɗin ma'aunin da za a auna kuskure da shi, shi ya sa maganar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta ɗaga jijiyoyin wuya a majalisar tsara tsarin mulki ta 1978.

Akwai kuma kurakuran da ba a tsallake su, kuma tabbatarwar hawa ɗaya ba ta rufe ƙofar hawa na gaba. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a watan Maris na 2002. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta na shekarar. A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin dalilansu akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, da cewa mai iƙirari a haddi yana da damar janye iƙirarinsa, da cewa cikin matar da aka saka ana iya jingina shi ga tsohon mijinta a tsawon muddar da Malikiyya suka ambata. Waɗannan ba saɓanin ra'ayi ba ne kan wa za a gaskata. Na farko ya taɓa ikon kotun na zama tun asali, sauran kuwa shubuha ce, haddi kuma ana tunkuɗe shi da shubuha. Wasu a lokacin sun ɗauki ɗaukaka ƙararta kamar gudun shari'ar Allah. Littattafan Malikiyya ne aka buɗe aka sallame ta da su.

Mu dawo nan Libiya, inda da yawa cikin masu tambayarmu suke da 'yan uwa a tsare. Hawan kotunan ƙasar huɗu ne: ƙaramar kotu da ake kira juz'iyya, sai ibtida'iyya, sai kotun isti'inafi, sai Kotun Ƙoli a Tarabulus. Sabha tana da kotun isti'inafi, ita ce wadda duniya ta ji sunanta a Disambar 2021 lokacin da ta mayar da Saiful Islam Gaddafi cikin 'yan takarar shugaban ƙasa. A nan akwai wani tarko da sunan yake ɗana wa mutanenmu. Ƙananan laifuka ana fara su a ƙaramar kotu, in an ɗaukaka ƙara a sake duba abin da ya faru. Manyan laifuka kuwa, irin kisa da fashi, bayan niyaba ta gama bincike an tura tuhuma, sashen jinayat na kotun isti'inafi ne yake sauraronsu tun karon farko. Sai iyaye a gida su ji an ce yaronsu yana kotun ɗaukaka ƙara, su zaci an riga an yi ta farko, wannan ta biyu ce. Alhali ita ce ta farko, kuma ita kaɗai ce za a saurari shaidu a cikinta. Bayanta ba abin da ya rage sai sukar hukuncin a Kotun Ƙoli, abin da ake kira naƙdu, ita kuwa doka take dubawa: an saɓa mata, an yi kuskure wajen aiki da ita, ko akwai ɓaci a hukuncin ko a matakan da aka bi wanda ya shafi sakamako. In ta rushe, galibi mayar da shari'ar take yi a sake. Hukuncin kisa dai dole ne a kai mata ta duba ko wanda aka yanke wa bai nema ba, kuma ba a zartar da shi sai majalisar ƙoli ta alƙalai ta amince.

Shari'ar da ta fi nuna wannan hanya ita ce ta ma'aikatan jinya biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine, waɗanda aka kama a 1999 bisa zargin sa wa yara sama da 400 cutar ƙanjamau a asibitin yara na Bangazi. Kotu ta yanke musu kisa a watan Mayun 2004. Kotun Ƙoli ta rushe a Disambar 2005 ta ce a sake. Aka sake, aka kuma yanke kisa a Disambar 2006. A ranar 11 ga Yuli, 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Kwana shida bayan haka, da iyayen yaran suka karɓi diyya suka janye neman kisa, majalisar alƙalai ta mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, a ranar 24 ga watan kuma aka miƙa su ga ƙasar Bulgeriya. Tun farko waɗanda ake tuhuma sun ce da azaba aka karɓi iƙirarinsu. Manyan masana cutar, cikinsu har da Luc Montagnier na Faransa wanda yake cikin waɗanda suka gano ƙwayar, sun ba da shaida cewa cutar ta fara yaɗuwa a asibitin tun kafin zuwan ma'aikatan. Bayan sakinsu Saiful Islam da kansa ya amsa a gidan talabijin na Aljazira cewa an azabtar da su. Musibar yaran da iyayensu gaskiya ce, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma ga hukunci nan da kotu mafi girma a ƙasa ta tabbatar, an gina shi a kan iƙirarin da aka rubuta a ɗakin bincike, takardar ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu.

Shi ya sa muke ce wa masu yanke ɗansu daga zuciya don kotun sama ta tabbatar, su yi hattara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa husuma cewa shi mutum ne, yana hukunci gwargwadon abin da ya ji, wani zai iya fin wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Daga nan jamhurin malamai suka ce hukuncin alƙali yana zartuwa a zahiri, ba ya sauya haƙiƙar abu a wurin Allah. Idan haka ne ga wanda ya ji da kunnensa, ina ga wanda takarda kawai ya karanta? Tabbatarwa tana nufin ba a sami kuskuren da ya isa rushewa a kundin ba. Sau da yawa hakan yana dacewa da gaskiya, kamar yadda muke gani a shari'ar Kebbi, wani lokaci kuma ba ya dacewa.

Bayan hawa na ƙarshe abin da ya rage ba na kotu ba ne. A ƙisasi magana tana hannun waliyyan jini, in sun yafe ko sun karɓi diyya kisa ya sauka, kuma dokar ƙisasi da diyya ta Libiya ta tafi a kan haka. A Malikiyya wanda aka yafe wa ana yi masa bulala ɗari a tsare shi shekara guda, kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, ba ya karɓar yafiya. Mutanen Fezzan sun san zaman sulhu tsakanin dangi da dangi, baƙo kuwa ba shi da ƙabilar da za ta zauna a madadinsa, sai in shugabannin al'ummarsa sun tsaya masa. A Najeriya, a hukuncin da aka yanke bisa Penal Code yafiyar dangi ba ta ɗaure hannun hukuma, afuwa tana wurin gwamna a laifin jiha, bisa sashe na 212 na tsarin mulkin 1999. Muddin kuma ƙara tana gaban kotu ba a zartar da kisa. An taɓa saɓa wa wannan a Jihar Oyo a 1981, aka kashe Nasiru Bello ƙararsa tana jiran sauraro, Kotun Ƙoli ta ce a 1986 an keta doka, ta ba iyalinsa diyya. Diyyar ba ta dawo da shi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake kashe ƙarfi a inda ba ya amfani. A shari'ar farko ba a ɗauki lauya ba, ko an bar wanda kotu ta naɗa bai taɓa zama da yaron ba. Shaidun da suka san inda yake a daren da abin ya faru sun ƙi zuwa don ba su da takardun zama, suna tsoron a kama su. Yaron da Larabcinsa bai wuce na kasuwa ba ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Sai bayan an yanke hukunci a sayar da gona a gida a aiko da kuɗin ɗaukaka ƙara. Lauyan da ya karɓi aikin zai buɗe kundin ya ga iƙirari da sa hannu, bai ga inda aka ce an doke shi ba, bai ga inda ya nemi tafinta aka hana shi ba, bai ga sunan mai shaida ko ɗaya daga ɓangarensa ba. Da me zai yi suka? Alƙalanmu na da ba sa yanke hukunci sai sun yi izari, wato su tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun da aka kawo, su ba shi wa'adi. Wannan dama a tsarin yau tana zaman farko ne.

Saboda haka wanda aka kama masa ɗan uwa, ranar da ya ji labari ita ce ranar neman lauya. A gaya wa wanda ke tsare kada ya sa hannu a abin da ba a fassara masa ba, ya nemi tafinta da bakinsa, in an taɓa lafiyarsa ya faɗa a gaban mai gabatar da ƙara da gaban alƙali, ya roƙi a rubuta, a kuma nemi likita ya duba shi tun tabon bai warke ba. Wanda ya san gaskiyar magana kuma aka neme shi shaida, ya tuna ɓoye shaida zunubi ne da Alƙur'ani ya ambata a ƙarshen Suratul Baƙara. In tsoron takardu ne ya hana shi, shugabannin al'umma su nemi lauya ya duba yadda za a karɓi shaidarsa. In an yanke hukunci kuma a karɓi kwafinsa nan da nan, domin wa'adin ɗaukaka ƙara kwanaki ne ƙidayayyu. A Najeriya kwana 90 ne daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi, kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli. A nan Libiya a tambayi lauya adadin kwanakin tun ranar da aka karanta hukuncin, a rubuta ranar ƙarshe a ajiye a wurin limami ko sarkin Hausawan unguwa, don kada tafiyar wani ko rashin waya ta sa a wuce ta.